A Tsibirin da Aka Hana Kare Shiga

Na taso a gidan da ba a rasa karnuka a ƙofarsa, domin Baffana mafarauci ne, kuma tun ina ƙarami na san yadda ake kiran kare da fito, da yadda ake jiƙa masa ƙanzo da dusa a tsohon kasko, da yadda yake kwantar da kunnuwa idan an daka masa tsawa. Saboda haka a lokacin da abokina, wanda yake karatun likitancin dabbobi a jihar Queensland ta ƙasar Ostireliya, ya ce kada in kuskura in koma gida ban ga dingo, wata dabbar dajin ƙasar mai kama da kare, a dajinsa ba, sai na ɗauki maganar da wasa. Na riga na ga hoton dabbar, kuma abin da na gani shi ne jan kare mai tsayayyun kunnuwa, irin wanda zai ratsa kasuwar ƙauyenmu ba tare da kowa ya ɗaga kai ya dube shi ba. Na ce masa ban tsallako tekuna don in kalli kare ba. Bai ja maganar da ni ba, sai dai ya je ya biya mana kuɗin tafiya mu biyu.

Mun bar birnin Brisbane da asubahin wata rana a cikin watan Mayu, muka nufi arewa tafiyar kusan kilomita 300 zuwa Hervey Bay, daga nan muka gangara mashigar River Heads inda jirgin fito yake ɗaukar motoci da mutane zuwa tsibirin K'gari. Ba a furta harafin farko na sunan, don haka idan mutanen wurin suka faɗe shi sai ka ji kamar Bahaushe ne yake cewa gari. Sunan na harshen ƙabilar Butchulla ne, waɗanda su ne masu tsibirin tun asali, kuma sai a watan Yunin 2023 gwamnatin jihar ta mayar masa da shi a hukumance bayan ya daɗe yana amsa sunan Fraser. Tsawonsa ya haura kilomita 120, kuma duk duniya babu tsibirin rairayi da ya kai shi girma. Abin da ya fara jan hankalina tun muna layin shiga jirgi shi ne allon da ya ce an haramta shiga da kare, a ƙasar da na ga mutane suna sa wa karnukansu riga suna zaunar da su a kujerar gaba ta mota. Haramcin ya fara tun 1981, kuma dalilinsa biyu ne, wato kada karnukan gida su kai wa dingo cututtuka, kuma kada su yi barbara da su har jininsu ya gauraya. Wannan ya sa ake lissafa dingon K'gari, waɗanda aka ƙiyasta yawansu da kimanin 200, cikin mafi tsarkin jini a gabashin ƙasar.

Direban da ya ɗauke mu a babbar mota mai jan ƙafa huɗu dattijo ne da ya shafe shekaru yana wannan aiki, kuma kafin ya tayar da mota sai da ya rage wa tayoyi iska saboda rairayi, sannan ya juyo ya karanta mana dokoki kamar mai karanta sharuɗɗan aure. Ba a tafiya mutum ɗaya, ba a gudu ko sassarfa a bakin teku, ba a barin yaro ya yi nisan da hannu ba zai kai gare shi ba, ba a barin abinci ko shara ko abin kamun kifi a fili. Idan dingo ya matso, mutum ya miƙe tsaye sosai, ya harɗe hannuwansa a ƙirji, ya fuskance shi, ya riƙa ja da baya sannu a hankali, in su biyu ne su haɗa baya, su kuma kira taimako da murya mai ƙarfi. Ya raba mana sanduna, kowa ɗaya. Na karɓi tawa ina murmushi, domin a tunanina yaron da ya girma cikin karnukan farauta ba ya buƙatar Bature ya koya masa yadda ake korar kare.

Hanyar da ta ratsa tsakiyar tsibirin ta bi ta cikin kurmi mai dogayen itatuwa da suka tsiro kai tsaye a kan rairayi, muka wuce Central Station inda a da masu saran katako suke da sansani kafin a dakatar da saran a 1991, muka ɓulla gabas a ƙauyen Eurong. An kewaye ƙauyen da shingen waya, kuma a bakin ƙofar da motoci ke shiga an shimfiɗa ƙarafa masu ɗauke da wutar lantarki domin dingo ya kasa takawa. A nan ne na fara lura da cewa an juya al'amarin da na sani, domin mutane ne a cikin keji, dabbar kuma tana yawonta a waje.

Washegari da hantsi, bayan ruwan teku ya janye, muka hau gaɓar gabas wadda ita ce babbar hanyar tsibirin, motoci suna gudu a kanta, har ƙananan jiragen sama suna sauka. Ba mu yi nisa ba direban ya rage gudu ya nuna gaba da haɓa. Wata dabba ce ita kaɗai take tafe a gefen ruwa, ba ta sauri ba ta nawa, ta tsaya ta tona rairayi a inda wani masunci ya binne hanjin kifi bai zurfafa ba, ta cinye, ta ci gaba. Muka tsaya daga nesa muka fito muka jeru a jikin mota. Dingo ne, jikinsa launin ƙasa ne mai ja, ƙafafuwansa huɗu farare kamar ya sa safa, ƙarshen jelarsa ma fari, kuma a kunnensa akwai wata 'yar alama ta roba da ma'aikatan gandun daji suke maƙalawa domin su gane kowanne. Da na gan shi kusa haka, sabon da na yi tun yarinta ya rinjaye ni, ban san lokacin da na tsuke baki na yi masa irin fiton da Baffa yake yi wa nasa ba.

Direban ya juyo a fusace ya ce kada in sake, domin jan hankalin dingo da gangan laifi ne da ake cin mutum tarar dubban dalolin Ostireliya a kansa, daidai da ba shi abinci. Na ji kunya ƙwarai, amma abin da ya fi zama a raina shi ne yadda dabbar ta karɓi fiton. Duk karen da na sani, ko nawa ne ko na wani, idan aka yi masa fito yakan yi ɗaya daga cikin abu uku: ya kaɗa jela ya taho, ko ya yi haushi, ko ya sa jela a tsakanin cinyoyi ya gudu. Wannan bai yi ko ɗaya ba. Ya tsaya, ya juyo da kansa, ya dube ni ido cikin ido na ɗan lokaci kaɗan, sannan ya sauke kallonsa zuwa hannuwana, ya dubi jakar da ke kafaɗar abokina, ya dubi ƙofar motar da aka bari a buɗe, ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, da ya tabbata babu abin ci sai ya wuce abinsa. Karnukan Baffa suna kallon fuskar mutum ne domin su san abin da yake so, shi kuwa wannan ya auna ni ne kamar yadda ɗan kasuwa yake auna baƙo, ya ga ko akwai riba ko akwai haɗari. A wurin na gane cewa kama da wane ba wane ba ne.

Abokina ya samu abin da yake so, don haka a cikin mota ya buɗe mini darasi. Ya ce in tuna da kan dabbar, yadda ya fi na kare mai irin girmansa faɗi, da yadda bakinsa ya fi tsawo. Fiƙoƙinsa sun fi na kare tsawo da siranta, turamen da yake yanka nama da su sun fi girma, haka ma ƙashin da ke rufe cikin kunnensa, kuma da wannan ne masana suka daɗe suna bambance ƙoƙon kan dingo da na kare a ɗakin bincike. Nauyin babba yakan tsaya tsakanin kilo 13 zuwa 20. Ƙirjinsa a matse yake, kansa ne mafi faɗi a jikinsa, saboda haka duk ramin da kai ya shiga sauran jiki zai bi. Gaɓoɓinsa suna da laushi sosai, wuyan hannunsa yana juyawa fiye da na kare, abin da ya sa yake iya hawa duwatsu da shinge, yake kuma iya buɗe akwatin sanyaya abinci idan ba a ɗaure shi da igiya ba. Na ce masa ni dai abin da na gani shi ne haƙarƙari a waje, kuma da a gida ne da an ce mai karen nan azzalumi ne. Ya ce wannan tausayin shi ne yake kashe su, domin ramar halittarsu ce, irin ta dabbar da take yin tafiyar kilomitoci masu yawa kullum tana farautar walabi, wato ƙaramin ɗan'uwan kangaru, da bandikut mai kama da gafiya, da ƙadangaru, tana cin 'ya'yan itace da duk abin da teku ta tofo na mataccen kifi ko kunkuru. Baƙo yakan gan shi ya ɗauka yunwa ce ta kama shi, sai ya jefa masa guntun burodi.

A daren nan ne na ji bambancin da ya fi kowanne shiga jikina. Wanda ya kwana a ƙauye a ƙasarmu ya san cewa dare ba ya rabuwa da haushi, kare ɗaya ya fara daga bayan gari saura su karɓa har sai an rasa wanda ya soma. A Eurong babu haushi ko ɗaya. Can wajen ƙarfe biyu sai wani dogon kuka ya taso daga cikin daji ta bayan shinge, ya hau sama ya sauko a hankali, wani ya amsa daga kudu, na uku ya shigo a tsakiyarsu da wata murya dabam, har ka rasa ko su uku ne ko su goma. Ya fi kama da kukan dila fiye da duk wani sauti da kare yake yi. Dingo yana iya haushi, amma gajere ne, sau ɗaya ko biyu domin gargaɗi, ba ya jera shi kamar yadda karen gadi yake kwana yana yi. Haushin kare, in ka duba, aiki ne da mutum ya so ya kuma raya, domin wanda ya fi sanar da zuwan ɓarawo shi ake ci gaba da ciyarwa, shi kuwa mai farautar kansa ba shi da wata riba a tayar da daji da surutu.

Mun zo a daidai lokacin da kukan ya fi yawa, domin daga Maris zuwa Mayu, wato kakar wannan ɓangare na duniya, shi ne lokacin barbararsu. Karyar gida takan nemi namiji sau biyu a shekara ba tare da la'akari da damina ko rani ba, tunda abincinta a hannun mutum yake, amma macen dingo sau ɗaya take yi, ta ɗauki ciki na kimanin kwana 63, ta haifi kwiyakwiyai wajen biyar a cikin hunturu, a rami ko kogon itace. A cikin garke, babban namiji da babbar mace ne kan haihu, kuma idan wata ƙaramar mace ta haihu, sau da yawa babbar takan kashe 'ya'yan, sannan dukan garken su taru a kan renon nata. Uban yana kawo abinci, yana gadin rami, abin da ban taɓa ganin karen gida ya yi ba, domin namu da zarar ya gama barbara ya gama da zancen. Abokina ya ƙara da cewa a nahiyarmu ma akwai kare mai irin wannan tsohuwar ɗabi'a, wato basenji na dazukan Kongo, wanda shi ma ba ya haushi kuma sau ɗaya yake haihuwa a shekara.

A rana ta uku muka je Eli Creek, wani rafi mai ruwa garai-garai da ke kwarara cikin teku, muka wuce gawar jirgin Maheno da guguwa ta jefo gaɓar a 1935 yana nan yana tsatsa. La'asar ta same mu a wani wuri da babu shinge. Muka yi alwala da ruwan gora, na shimfiɗa darduma a kan rairayi da niyyar mu yi jam'i, sai direban ya tambayi abin da za mu yi, da muka bayyana masa cewa akwai durƙuso da sa goshi a ƙasa, ya ce ba zai hana mu ba, amma kada mu yi a lokaci ɗaya, domin mutumin da ya duƙa ya koma girman yaro a idon dingo. Haka muka yi, abokina ya tsaya da sanda yana duban tudun rairayi ina salla, da na sallame na karɓe shi. Na tuna da babin sallar tsoro da muka karanta a makarantar zaure muna ganin kamar ba za mu taɓa buƙatarsa ba. A raka'arsa ta uku kuwa sai ga biyu sun ɓullo daga cikin ciyawa, matasa ne, suka tsaya tazarar taku talatin. Ɗaya ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafafu, ɗayan ya fara zagayawa a hankali ta bayanmu kamar ba ruwansa da mu. Na miƙe sosai, na buga sandar a ƙasa, na yi gyaran murya mai ƙarfi. Bai gudu ba, bai kuma yi gurnani ba, ya dai ja da baya kaɗan ya zauna yana jira, sai da direban ya matso muka zama mu uku a tsaye sannan suka juya. Ban ƙara yi wa sandar nan murmushi ba.

Hausawa suna cewa idan baki ya ci ido kan ji kunya, kuma wannan magana gaskiya ce a kan kare, domin wanda ka ciyar yakan zama naka, ya bi ka, ya yi maka gadi. A kan dingo kuwa akasin haka ne. Wanda aka ciyar tsoron mutum ne kawai yake fita daga ransa, biyayya ba ta shiga, sai ya fara bin mutane yana tare musu hanya, yana fizgar jaka, yana cizon wanda ya hana shi, kuma ƙarshensa ma'aikata su harbe shi ko su yi masa allurar mutuwa. A watan Afrilun 2001 dingo biyu suka kashe wani yaro ɗan shekara tara a Waddy Point da ke arewacin tsibirin, bayan haka aka kashe kimanin talatin daga cikinsu, aka kuma tsananta dokoki da gina shingaye. Kafin wannan, mutanen ƙasar da yawa ba su yarda dingo zai iya kashe ɗan Adam ba. A watan Agustan 1980 wata mata mai suna Lindy Chamberlain ta ce dingo ya ɗauke jaririyarta daga cikin tanti a kusa da dutsen Uluru, aka ƙi gaskata ta, aka ɗaure ta a 1982 bisa zargin kisan kai, aka sake ta a 1986, kuma sai a 2012 mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar a hukumance cewa dingo ne ya yi. A ganina abin da ya jawo mata wannan zalunci har da kamannin nan, domin mutane sun kalli dabbar sun ga kare, sun kuma yi mata hukunci da abin da suka sani game da kare. Abu ɗaya da ya kwantar mini da hankali shi ne cewa cutar haukan kare, wadda ita ce babbar fargabarmu a gida idan an yi cizo, babu ita a cikin karnukan Ostireliya da dingonta.

Wata ma'aikaciyar gandun daji 'yar ƙabilar Butchulla da muka haɗu da ita a wurin hutawa ta bayyana mana cewa a harshensu sunaye biyu ne. Wongari shi ne na daji wanda ba a taɓawa, wat'dha kuma shi ne na sansani, wanda yake zaune tare da mutane yana taya su farauta da bin sawu. Da aka kwashe mutanensu daga tsibirin a farkon ƙarni na ashirin, musamman bayan rufe sansanin mishan na Bogimbah a 1904, sai na sansanin suka rasa mutanensu, yanzu duk wanda ka gani wongari ne. A sassa da yawa na ƙasar, 'yan asali sukan ɗauko kwikwiyo daga rami su rene shi, yana kwana a jikinsu lokacin sanyi, amma idan ya balaga yakan koma daji ya nemi abokiyar haihuwa. Ba su riƙa zaɓar wanda zai haihu da wanda ba zai haihu ba, kuma a nan ne asalin bambancin yake, domin karen gida dabba ce da hannun mutum ya tsara zuriyarta tsawon dubban shekaru, dingo kuwa ya zauna kusa da mutum ba tare da ya miƙa masa ragamar zuriyarsa ba. Ita kanta kalmar dingo daga harshen Dharug na yankin Sidni Turawan farko suka ji ta bayan saukarsu a 1788.

Yawancin masana sun yarda cewa da mutane dingo ya shigo ƙasar ta cikin jiragen ruwa daga ɓangaren Asiya. Ƙasusuwansa mafi tsufa da aka auna, waɗanda aka tono a kogon Madura da ke filin Nullarbor, sun haura shekara 3,000, kuma bai taɓa isa tsibirin Tasmaniya ba saboda teku ta riga ta raba shi da babbar ƙasa tun kafin zuwansa. Wato kakanninsa sun san mutum, sannan suka rabu da sauran karnukan duniya tun kafin a ƙirƙiro irin karnukan da ake gani a yau. Hujjar da ta fi burge ni a kan wannan ta shafi tuwo. Akwai wata ƙwayar halitta da ke sarrafa sinadarin narkar da sitaci, kuma wani bincike da aka yi a Suwidin a 2013 ya nuna cewa kyarkecin Turai da Asiya yana da kwafi biyu ne kawai nata, yayin da karnukan gida suke da daga huɗu har zuwa talatin, saboda sun daɗe suna cin ragowar hatsin manoma. Da aka karanta cikakken tsarin halittar wata dingo ta hamada mai suna Sandy, aka wallafa sakamakon a 2022, an tarar ba ta da wannan ƙari, tana nan kamar kyarkeci. Ƙanzon da nake jiƙa wa karnukan Baffa ashe cikinsu ya gaji iya narkar da shi ne daga kakanni, abin da cikin dingo bai gada ba. Haka nan a wani gwaji da Bradley Smith da Carla Litchfield suka wallafa a 2010, an ajiye abinci a bayan shinge mai kusurwa wanda sai an zagaya ake kaiwa gare shi, dingo suka riƙa zagayawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, alhali karnukan gida a irin wannan gwaji sukan tsaya suna tonon ƙasa da haushi suna waiwayen mai su. Duk da haka har yau masana ba su daidaita a kan sunansa na kimiyya ba, wasu suna cewa tsohon nau'in kare ne, wasu suna cewa reshen kyarkeci ne, wasu kuma suna ba shi jinsi nasa na kansa.

Da na ɗauka wannan gardama ta malaman jami'a ce kawai, sai da muka bar tsibirin muka shiga cikin ƙasa. Mun bi ta Kingaroy, garin jar ƙasa da rumbunan gyaɗa, muka gangara filayen Darling Downs inda gonakin dawa suka miƙe har iyakar gani, muka isa ƙaramin garin Jandowae wanda aka kafa wa mutum-mutumin dingo na ƙarfe a tsakiyarsa. A kusa da nan ne shingen dingo ya fara, wayar raga mai tsayin kusan mita biyu da ta ratsa jihohi uku tsawon kilomita 5,614 har zuwa gaɓar tekun kudu. An soma gina sassansa tun shekarun 1880, da farko saboda zomaye, daga baya aka haɗe su aka mayar da shi katangar kare tumaki. A ido ba wani abin kallo ba ne, turaku ne da waya da hanyar mota a gefe, amma idan ka tuna cewa akwai ma'aikatan da aikinsu kullum shi ne bin sa suna ɗinke inda ya yage, sai ka san girman gabar da ke tsakanin dabbar nan da masu kiwo.

Wani makiyayi da muka tarar yana gyaran ƙofar gonarsa bai kira ta dingo ko sau ɗaya ba, karen daji yake cewa, kuma haka dokar jihar take kiranta a wajen wuraren da aka keɓe. Ya ce wanda bai taɓa fitowa da safe ya tarar da tumaki goma sha a kwance ba, wasu an farke musu ciki suna da sauran rai ba a ma ci naman ba, ba shi da bakin yi masa wa'azi. Na fahimce shi sarai, domin na san abin da kura take yi wa garke, na kuma san cewa mai dabba ba ya lissafi da tsarkin jinin abin da ya kashe masa dukiya. Ana yaƙar su da tarko da bindiga da nama mai guba da ake kira 1080, har daga jirgin sama ake watsa shi a wasu wurare. To amma sunan yana da nauyi, domin idan aka ce karen daji, mai saurare yana ɗauka karnukan gida ne da suka gudu suka lalace, ba wanda zai yi musu kuka. Binciken da Kylie Cairns ta Jami'ar New South Wales ta jagoranta a 2021 ya duba samfur fiye da 5,000 na waɗannan dabbobi daga faɗin ƙasar, ya tarar 31 ne kacal karnukan gida da suka koma daji, sauran kusan duka dingo ne tsantsa ko waɗanda jinin dingo ya rinjaya. Karen gida, duk da haƙoransa, ba ya iya kafa zuriya a dajin Ostireliya ba tare da juji ko hannun mutum ba. Masu nazarin muhalli kuma sun nuna cewa a ɓangaren shingen da aka kawar da dingo, kangaru sun yi yawa har suna cinye ciyawa, kuma yanyawar Turai da Turawa suka shigo da ita ta samu sarari tana ƙarar da ƙananan dabbobin ƙasar. Dabba ɗaya ce, a K'gari ana cin tarar wanda ya yi mata fito, a nan kuma, tafiyar yini guda, ana kashe kuɗin gwamnati a kan kashe ta, kuma a jihar gaba ɗaya doka ba ta yarda mutum ya ajiye ta a gida a matsayin dabbar kiwo ba.

Muna cikin magana makiyayin ya yi fito sau ɗaya, sai ga karensa ya fito daga ƙarƙashin mota a guje, ya daka tsalle ya hau bayanta, ya zauna yana kallon fuskar maigidansa, bakinsa a buɗe, jela tana share ƙura.

Da na dawo gida na je gaishe da Baffa, wanda yanzu ƙafa ta hana shi shiga daji amma bai rabu da karnuka biyu ba. Na nuna masa hoton da na ɗauka a gaɓar teku ban ce masa komai ba. Ya riƙe wayar nesa da idonsa ya daɗe yana dubawa, ya sa na ƙara girman ƙafafun, sannan na ƙirjin, ya ce wannan zai kamo gada a fili ba tare da an taya shi ba. Sai ya ga alamar da ke kunnen, ya ce, "Ɗana, wannan shaidar wane ne? Ka tambayi mai shi ko zai sayar da kwikwiyo?" Na ce masa, "Baffa, ba shi da mai shi, hukuma ce ta sa masa don ta riƙa ƙirga su." Ya sake duban hoton, ya tambaye ni ko yana zuwa idan an kira shi, na ba shi labarin fiton da na yi da faɗan da na sha a wurin direba. Ya yi dariya har da tari, ya miƙo mini wayar, ya ce in tura wa ƙanena hoton domin ya riƙa nuna wa abokan farautarsa idan sun zo hira da daddare.